Daga Takobin Hauni zuwa Neman Afuwa: Ɗariƙar Katolika da Hukuncin Kisa

Wanda ya ji cewa a watan Agusta na 2018 Fafaroma Francis ya sake rubuta sashe na 2267 na littafin koyarwar ɗariƙar Katolika, inda ya yanke cewa hukuncin kisa bai halatta ba ko a wane hali, zai iya zaton wannan daɗaɗɗiyar aƙida ce a wurinsu, alhali kuwa tarihi ya shaida akasin haka. Thomas Aquinas, wanda yake cikin manyan malamansu a ƙarni na 13, ya halatta kashe mai ɓarna ta hanyar ƙiyasi da likitan da yake yanke ruɓaɓɓiyar gaɓa domin sauran jiki ya tsira. A zamanin da fafaromomi suke da ƙasa da talakawa kuwa suna da hauninsu, Giovanni Battista Bugatti, wanda ya kashe mutum fiye da 500 tsakanin 1796 da 1864, sanye da jar alkyabba. Dokar kisan ma ba ta fita daga kundin Vatican ba sai a 1969.

A ganina wannan tarihi ne ya ƙara wa matsayinsu na yau nauyi, domin maganar wanda ya taɓa riƙe takobi sa'an nan ya ajiye shi ta fi shiga zuciya. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda Mehmet Ali Agca ya harba a 1981, kuma wanda ya je har kurkuku ya gaishe da maharbin nasa a 1983, shi ne ya ƙuntata halaccin a wata wasiƙa da ya fitar a 1995, bisa hujjar cewa tun da hukuma tana iya tsare mai laifi har abada ba tare da ta zubar da jininsa ba, larurar da ta halatta kisan ta kusa gushewa gaba ɗaya. A Janairun 1999, a birnin St. Louis na Amurka, ya roƙi gwamnan Missouri, Mel Carnahan, ya yi wa Darrell Mease sassauci, mutumin da ya kashe rai uku, gwamnan kuwa ya mayar da hukuncin kisan zuwa ɗaurin rai da rai. Hujjarsu ta farko ita ce martabar ɗan Adam ba ta faɗuwa saboda zunubinsa, kuma kisa yana rufe masa ƙofar tuba. Har yau akwai malamansu da suke ganin Francis ya saɓa wa magabata.

Musulmi ba zai bi su har ƙarshen wannan hanya ba, tun da nassi ya tabbatar da ƙisasi. Amma hujjarsu ta biyu, wato ta adalci, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta fiƙihu, ya san cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, kuma an kwaɗaitar da magadan mamaci su yi afuwa ko su karɓi diyya. Alƙali ɗan Adam ne, shaida kan yi ƙarya, ƙwararre kan yi kuskure, kuma sau da yawa talaka ne yake kwana a ciki, domin ba shi da abin ɗaukar lauyan kirki. Wannan ita ce hujjar da ta fi tsaya mini a rai.

A duba al'amarin Anthony Ray Hinton, baƙar fata ɗan jihar Alabama, wanda aka kama a 1985, aka tuhume shi bisa da'awar cewa harsasan da suka kashe mutum biyu daga bindigar mahaifiyarsa suka fito. Lauyansa, da yake ya ɗauka dala dubu ɗaya kawai aka yarda ya kashe, sai ya kawo masanin bindiga wanda bai iya tsayawa gaban masu gabatar da ƙara ba. Hinton ya shafe kusan shekara 30 a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki yana jiran ranar da za a kashe shi, har aka sake gwada harsasan, aka kasa danganta su da bindigar, aka sake shi a Afrilun 2015. Mahaifiyar tasa ta riga ta rasu tun 2002, yana tsare.