Hanyar Takarda Tsakanin Nijar da Najeriya, Jiya da Yau

A shirin wannan mako mun bi sawun wata haja da ba a cika kula da ita ba: takarda da kwali. Makiyayi ba ya ƙetare iyaka lafiya sai da takardar rigakafin dabbobinsa, ɗan kasuwa kuma kwalin da ya jiƙe ya isa ya jawo masa asara.

A zamanin da, Nijar ce ƙofa. Takardar da malaman Kano da Sakkwato suka rubuta littattafansu a kanta daga Italiya aka fi kawo ta, mai tambarin jinjirin wata uku in an ɗaga ta a haske. A Tarabulus ake sauke ta, raƙuma su ɗauko ta Gadamas, su ratso Ayar zuwa Damagaram, sannan Kano. Ita kanta kalmar "takarda" daga bakin Buzaye muka same ta. Tsadarta na cikin abin da ya sa almajiri ke karatu a allo, a wanke a sake.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya. Kaya suka koma shigowa ta bakin teku, ayarin Tarabulus ya mutu.

Bayan samun 'yanci, Najeriya ta ce ita ma za ta yi tata. Masana'antar Jebba ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku mai takardar jarida ta biyo baya a 1986, ga ta Iwopin da aka zuba wa kuɗi amma ba ta taɓa tsayawa da ƙafafunta ba. Matsalar ita ce injuna da kayan gyara da wani sashe na ɓawon itacen da ake niƙawa duk da kuɗin waje ake sayensu. Da naira ta fara faɗuwa daga 1986, sai abin ya gagara. Kafin shekarun 1990 su ƙare, duka ukun sun yi shiru. A yau abin da ake yi a gida galibi kwali ne daga tsofaffin takardu, farar takarda kuwa daga ƙasashe irin su Indunusiya da Sin da Indiya take zuwa.

Nijar ba ta shiga wannan caca ba. Ba teku, ba dazukan katako, don haka saye take yi tun farko, ta tashar Kwatano da Lome. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, iyayen 'yan lakwal sun ji a jikinsu wajen sayen kaye.

In ka duba littafin kwastan da na duwan, za ka ga Najeriya ta yi wa Nijar fintinkau wajen shigo da takarda. Ba mamaki, mutum sama da miliyan 200 ne. Amma a ganinmu lissafin Nijar ya gaza gaskiya. Littattafan rubutu da ake bugawa a Kano, da kwalin taliya da sabulu da ke bi ta Jibiya da Illela da Maigatari, wa ke ƙirga su a matsayin takarda? Kai, har takardar buhun siminti da mai tsire ke naɗe nama a Maraɗi!

Abin ya fito fili da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, sai kuma takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da hanyar Kwatano ma ta toshe. Dole kaya suka zagayo daga Lome ta Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan kowane bandir.