Dajin argan na Maroko: sare itatuwa, kiwo da zaizayar ƙasa

Argan itaciya ce mai ƙaya wadda take tsirowa a kudu maso yammacin Maroko, daga Essaouira zuwa kwarin Sus da gindin tsaunukan Atlas. Dajinta ya mamaye hekta kusan 800,000. Yankin yana da yanayi irin na ƙasashen Bahar Rum, sai dai ya fi su bushewa: ɗan ruwan da ake samu a lokacin sanyi yake sauka, sannan watannin zafi su wuce babu ko yayyafi. Saiwoyin argan masu zurfi ne suke riƙe ƙasar gangaren tsaunuka, shi ya sa ake ɗaukar dajin a matsayin garkuwa daga kwararowar hamada.

Yadda dajin ya ragu

A farkon ƙarni na 20 an sare argan da yawa domin yin gawayin da ake kaiwa birane. Wannan ne ya sa aka kafa doka a 1925, wadda ta sanya dajin ƙarƙashin kulawar hukuma, ta kuma bar wa mazauna yankin 'yancin tsintar 'ya'yan itacen, da kiwo, da noma a tsakanin itatuwan. Daga baya aka share filaye a kwarin Sus domin noman rani na lemu da tumatir, yawan haƙa rijiyoyi kuma ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa.

Ɓarnar kiwo ba ta fitowa fili kamar ta gatari, amma ta fi daɗewa. Awakin yankin sukan hau har kan rassa su ci ganye da 'ya'ya, a ƙasa kuma su cinye duk tsiron da ya fito. Saboda haka a wurare da dama tsofaffin itatuwa ne kawai suke tsaye, babu ƙananan da za su gaje su.

Abin da yake faruwa da ƙasa

Inda ciyawa ta ƙare, kofatan dabbobi kuma suka daddale ƙasa, ruwa ba ya iya shiga cikinta. Ruwan farko bayan dogon fari yakan zo da ƙarfi, ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya bar kwazazzabai da tsakuwa. Iri ba ya samun wurin kamawa a irin wannan fili, don haka dajin ba ya farfaɗowa da kansa.

Matakan kariya

Al'ummar Amazig suna da tsohuwar al'ada mai suna agdal, wadda take hana dabbobi shiga dajin a watannin da 'ya'yan argan suke nuna. A 1998 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin muhallan da take ba kariya, a 2021 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 10 ga Mayu ta kowace shekara domin wannan itaciya.

Man argan, wanda ƙungiyoyin mata suke samarwa bayan sun fasa ƙwallon da dutse, ya ɗaga darajar itaciyar a kasuwannin duniya. Sai dai tsadarsa ta sa ana tsince ƙwallayen da ya kamata su tsiro. Dashen da ake yi yanzu yana bukatar shinge da ban ruwa na shekaru kafin ya fi ƙarfin bakin akuya.