Rabi, Abu, da Alƙalamin Balaraba

Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano a ƙarshen shekarun 1980, yawancinsu labarin saurayi da budurwa ne da iyaye suka hana su aure. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, ta bi wata hanya daban. Ta shiga cikin gidan aure, ta tsaya a bakin murhu. Ita kanta an cire ta daga makaranta, aka aurar da ita tana 'yar shekara 13.

A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya. A 1990 kuma sai ga Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A cikin Wa Zai Auri Jahila?, an cire wata yarinya mai suna Abu daga makaranta, aka ba Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta, ya yi jika da ita. Ta gudu Kano, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Amma labarin Rabi na cikin Alhaki Kuykuyo Ne shi ya fi sosa zuciya. Mijinta Alhaji Abdu yana da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari, ita kuwa tana fama da 'ya'ya tara da kuɗin cefanen da ba ya isa. Kuɗin suna nan, sai dai wajen wata mace mai suna Delu suke tafiya. Da ya auro Delu, rigima ta tashi, aka saki Rabi, ta fita da yaranta, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Sai gobara ta cinye shagon Alhaji, Delu ta juya masa baya. A nan Balaraba ta nuna gwaninta, domin ba ta bar laifin a wuyan miji shi kaɗai ba. Dangi ne suka taru a kan Rabi, da kalmar nan ta haƙuri da kowace matar Hausa ta sani, har ta koma ɗakinta ba da son ranta ba.

Marubuta irinta sun sha suka, ana cewa suna ɓata tarbiyya. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone littattafan Hausa a Kano. A 2012 kuwa kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar da Aliyu Kamal ya yi wa labarin Rabi zuwa Turanci.