Fankar sanyaya furosesa

Fankar sanyaya furosesa ƙaramar fanka ce da ake ɗaurawa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka fi sani da CPU, domin kore zafin da take fitarwa yayin aiki. Ana haɗa ta da wani dunƙulen ƙarfe mai siraran faranti, na alminiyum ko jan ƙarfe, wanda ke zuƙe zafin ya miƙa shi ga iskar da fankar ke hurawa. Idan zafi ya kai kusan digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, yawancin furosesoshin zamani sukan rage gudunsu da kansu don kada su lalace.

Tarihi

Furosesoshin farko irin su Intel 286 da 386 ba su buƙaci fanka ba. Bayan fitowar Pentium a shekarar 1993 ne fanka ta zama ruwan dare, saboda ƙaruwar wutar da furosesa ke ci. Daga baya kamfanonin Intel da AMD suka riƙa sanya fanka a cikin kwalin furosesa. Intel ya daina haɗa fanka da samfuransa masu alamar K tun daga 2015, sannan ya fito da jerin Laminar a 2022. AMD kuwa ya gabatar da Wraith a 2016, daga baya aka samu nau'o'in Stealth, Spire da Prism tare da furosesoshin Ryzen.

Yadda ake auna ƙara

Ana auna ƙara da desibel, kuma masu ƙera fanka sukan rubuta dBA, ma'aunin da aka daidaita da yadda kunnen ɗan Adam ke ji. Raɗa tana kai kusan desibel 30, hira ta yau da kullum kuma kusan 60. Ma'aunin ba ya hawa a miƙe: ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Saboda haka bambanci tsakanin fanka mai 30 da mai 40 ba ƙarami ba ne. Tazarar da aka tsaya wajen awo tana sauya sakamako, shi ya sa alƙaluman kamfanoni daban-daban ba sa kwatantuwa kai tsaye.

Dalilan ƙarar fankar cikin kwali

An ƙera irin wannan fanka ne don ta wadatar cikin arha, galibi ga furosesa mai fitar da zafin kusan wat 65. Ƙarfenta ƙarami ne, faɗin fankar kuma bai cika wuce milimita 92 ba, don haka dole ta yi saurin juyawa kafin ta kori zafi. Lokacin karatu ko rubutu ba a cika jin ta ba, amma idan aka shiga wasan kwamfuta ko tace bidiyo sai ƙugin ya tashi. Ƙarar tana da alaƙa sosai da gudu: rage juyawar fanka da rabi na iya sauke ƙararta da kusan desibel 15. Sauran dalilai sun haɗa da boris da ya tsufa, da jijjigar da ke ratsa akwatin kwamfuta, da ƙurar da ke toshe faranti, musamman a wurare masu ƙura kamar yankin Sahel a lokacin hunturu.

Abubuwan da ake musanya ta da su

Mai siffar hasumiya: tana amfani da bututun jan ƙarfe masu ɗan ruwa a ciki, wanda ke zama tururi ya kai zafin ga faranti masu yawa. Fankarta ta milimita 120 ko 140 tana tura iska mai yawa ba tare da gudu ba. Misalai su ne Hyper 212 na Cooler Master da NH-D15 na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito a 2014.

Mai amfani da ruwa: famfo ke kai ruwa daga furosesa zuwa lagireto, galibi mai tsawon milimita 240 ko 360. Tana jure zafi mai yawa, sai dai famfon yana da nasa gurnani.

Marar fanka: babban ƙarfe ne kawai, kamar NH-P1 na 2021. Ba ta ƙara ko kaɗan, amma ta fi dacewa da furosesa marar cin wuta sosai.

Kafin a musanya

Ana duba ko sabuwar ta dace da soket, kamar LGA1700 na Intel ko AM5 na AMD, da kuma ko tsayinta zai shiga akwatin. Ana goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen a shafa sabo. Sau da yawa ma ba sai an sayi komai ba: share ƙura da daidaita gudun fanka a cikin BIOS suna rage ƙara, musamman ga fanka mai waya huɗu, wadda ake sarrafa gudunta ta hanyar PWM.