Ciwon ƙafa bayan dashen ƙoda: abin da likita ke nema

Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki muddin ƙodar tana aiki, irin su tacrolimus, ciclosporin da prednisolone, don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Magungunan nan su kansu suna iya haddasa ciwon ƙafa, kuma suna buɗe wa ƙwayoyin bairos ƙofa. Shi ya sa ba a kallon ƙafar mai dashe kamar ta sauran mutane.

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, har zuwa Mai Wurno a jihar Sinnar, zato yakan fara faɗawa kan cutar da ake kira nabit, wato maisetoma. Zaton na da dalili. Cutar ta yi ƙaurin suna a wannan yanki, tana shiga ta sukar ƙaya ga manomi mai yawo ba takalmi, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Amma nabit yakan fara da kumburi marar zafi, daga baya ya huda fata yana fitar da 'yan ƙwayoyi kamar tsaba. Ko an tabbatar shi ne, maganinsa itraconazole yana ɗaga yawan tacrolimus a jini har ya illata ƙodar, don haka sai da sanin likitan ƙoda.

Ciwon da ya kama ƙafafu biyu lokaci guda a watannin farko bayan dashe, yana tsananta in an taka, na iya zama daga tacrolimus ko ciclosporin; ana auna maganin a jini a daidaita shi. Babban yatsa da ya kumbura cikin dare yana zafi kamar wuta yakan nuna gishirin yurik ya taru a gaɓa. Ƙuna ko mutuwar tafin ƙafa kuwa sai a auna suga, domin magungunan dashe kan jawo ciwon suga ga wanda a da ba shi da shi.

Bairos ya fi wuyar kamawa. Ƙwayar ƙaranbau da ta kwanta a jijiya tun ƙuruciya tana iya farkawa, zafi ya riga ƙuraje fitowa da kwanaki, a gefe ɗaya na jiki kawai, kuma maganinta ya fi aiki cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen. Tabo mai duhu ko ruwan hoda a ƙafa na iya zama sankarar Kaposi, wadda bairos HHV-8 ke haifarwa. Sai an yanki ɗan nama an duba, kuma sau da yawa rage maganin garkuwa kan sa ta ja baya. CMV yakan zo da zazzaɓi, kasala da gudawa, a ɗauka maleriya ce. Shi kuwa BK ba ya ciwo ko kaɗan, sai dai gwajin jini ya nuna ƙodar tana raunana. Waɗannan biyun gwajin PCR ke gano su.

Nan ne yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya shigo. Wad Madani, inda asibitin ƙoda na Jazira yake, ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma magani da gwaji sun katse wa marasa lafiya da dama. A irin wannan hali mutum kan nufi kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen, alhali suna cikin magungunan da suka fi cutar da ƙodar dashe. Paracetamol ya fi aminci kafin a kai ga likita. Zazzaɓi, raguwar fitsari ko gyambon da ya ƙi warkewa ba sa jiran ranar ganin likita, kuma ko da ciwon ya yi tsanani ba a dakatar da maganin garkuwa bisa ra'ayin kai.