Jibin Ubangiji a Yamai: Tarihin Wani Saɓani

Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba bisa ƙidayar 2012, amma sun gaji ɗaya daga cikin tsofaffin gardandamin addininsu. A daren da za a kama Yesu, ya ba almajiransa gurasa da ruwan inabi, ya kira su jikinsa da jininsa; wannan ne asalin jibin Ubangiji. Shin da gaske abincin yake zama jiki da jini, ko kuwa alama ce ta tunawa?

Tun a ƙarni na 9 wasu sufaye biyu na gidan ibada ɗaya a Corbie ta Faransa, Radbertus da Ratramnus, suka saɓa a kan haka. A 1215 babban taron Lateran na huɗu ya tsai da matsayin Roma, wato cocin Katolika: ainihin gurasar da ruwan inabin yana juyewa, ko da yake launi da ɗanɗano suna nan yadda suke. Taron Trent ya sake jaddada hakan a 1551.

Rabuwar da ta fi ciwo tsakanin masu neman gyaran coci ta faru. A watan Oktoba na 1529 Luther da Zwingli suka haɗu a Marburg ta Jamus, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15. Jibi ne ya gagara. Luther ya kafe cewa Almasihu yana nan da jikinsa a cikin gurasar, Zwingli ya ce jikin yana sama, cin kuma tuni ne da shaidar bangaskiya. Daga baya Calvin ya koyar da cewa mai bi yana cin Almasihu a ruhu.

Ta hanyoyi biyu gardamar ta shigo Nijar. Mishan ɗin SIM ya zauna a Damagaram a 1924, ya bazu zuwa Tsibiri da Galmi, daga aikinsa kuma ikilisiyar bishara ta EERN ta fito, wadda fahimtarta ta fi kusa da ta Zwingli. Fadannin SMA na Katolika sun kafa tasu a Yamai a 1931.

Ido ma yana ganin bambancin. A babban cocin Katolika na Yamai, Notre-Dame du Perpétuel Secours, ana ajiye gurasar da aka keɓe a wani ƙaramin akwati, fitila na ci kusa da shi, mai shiga ya durƙusa, domin a wurinsa Ubangiji ne a ciki. A majami'un bishara ba kowace Lahadi ake cin jibi ba, kuma galibi abin shan marar sa maye ne.

Wani ɓangare na zancen ya shafi Sahel kai tsaye. Dokar Katolika ta wajabta gurasar alkama da ruwan inabi na ainihi, a ƙasar da gero ne abinci, ruwan inabin kuwa sai an shigo da shi. Malamin tauhidi na Kamaru, Jean-Marc Ela, ya yi tambaya mai nauyi: don me talakan Afirka zai sadu da Allah ta abincin da gonarsa ba ta bayarwa? Fada René Jaouen ya wallafa littafi a kan jibin gero a 1995. Roma ba ta sauya dokar ba.

A Janairun 2015, da masu zanga-zanga suka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, ba su bambance na Katolika da na bishara ba. Ɓangarorin biyu suna ziyartar juna suna addu'a tare, sai dai har yau dokar Katolika ba ta yarda su ci jibi a teburi ɗaya ba.