Mazubin da Ya Tsira Daga Hannun 'Yan Gwangwan: Yadda Aka Kafa British Motor Heritage

Duk bakaniken da ya san tsohuwar motar MGB zai gaya maka cewa injinta ba ya hana mai ita barci. Inji ne mai silinda huɗu da lita 1.8, na ƙarfen zubi, wanda aka sa irinsa a motocin Austin da Morris masu yawa, kuma idan ya gaji ana sauke shi a gyara ya koma aiki. Abin da ke cinye motar tsatsa ce. Birtaniya ƙasa ce mai danshi, ga shi da hunturu hukumomi suna watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara, sai ruwan gishirin ya fantsama ƙarƙashin mota, ya maƙale a lungunan da ido ba ya kaiwa, ya yi ta cin ƙarfe daga ciki. MGB kuwa ba ta da shasi dabam da ake ɗora bodi a kansa. Bodin shi ne ƙashin bayanta, musamman dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda su ke riƙe gaba da baya a mota mai buɗaɗɗen sama. Idan suka ruɓe sai tsakiyar motar ta fara lotsawa, ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, kuma komai lafiyar inji, tafiya ta ƙare. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa wani ƙaramin kamfani a garin Witney da ke gundumar Oxford, mai suna British Motor Heritage, ya fi yawancin gidajen tarihi tasiri wajen raya tsofaffin motocin Ingila. Gidajen tarihi sun adana motoci. Shi kuwa ya adana kayan aikin da ake ƙera su da shi, ya kuma samo hanyar da kayan za su ci da kansu.

Asalinsa yana cikin rikicin British Leyland. A 1968 aka haɗe manyan sunaye da yawa na masana'antar motocin ƙasar a ƙarƙashin inuwarsa: Austin, Morris, MG, Riley, Wolseley, Rover, Triumph da Jaguar, tare da manyan motocin Leyland. Kamfanin bai taɓa zama lafiya ba, yajin aiki da asara suka dabaibaye shi, har gwamnati ta karɓe shi a 1975. Kowanne cikin waɗannan tsofaffin kamfanoni ya shigo auren da nasa kayan gado: motocin farko da ya ƙera, motocin tsere, samfuran gwaji da ba su kai kasuwa ba, da tarin littattafan rajista da zane-zanen injiniyoyi, a warwatse cikin rumbuna daban-daban. A waccan shekara ta 1975 aka buɗe wani sashe mai suna Leyland Historic Vehicles don ya tattara su. Abin lura ne cewa kamfanin da ke neman abin biyan albashi ya ware wannan sashe, kuma ba sai an ɗauka tsabar son tarihi ce ta sa ba. Masu tsofaffin MG da Triumph abokan ciniki ne da ke sayen kayan gyara, sunayen kuma dukiya ce da ake iya ba da lasisinta. A 1979 sashen ya koma BL Heritage, daga baya aka baje wani ɓangare na motocin a Syon Park da ke Landan, sauran da takardu suka zauna a Studley.

Matakin da ya tsara makomar abin an ɗauke shi a 1983, lokacin da aka raba aikin gida biyu. Motoci da kundin takardu aka danƙa wa wata gidauniyar amana, British Motor Industry Heritage Trust, wadda doka ta hana a sayar da kayanta don biyan bashin kamfani. Harkar ciniki kuma, wato kayan gyara da lasisin amfani da tambura da tantance dillalan da suka cancanci a ce kayansu na asali ne, ta zauna a hannun British Motor Heritage. Gidauniyar ta samu mazauni na dindindin a 1993 a Gaydon, tsohon filin jirgin sojan sama a gundumar Warwick, wanda tun 2016 ake kira British Motor Museum. Can ne ake ganin Mini ta farko mai lamba 621 AOK, da Land Rover ta 1948 mai lamba HUE 166, da MG ta 1925 da ake wa laƙabi da Old Number One. Daga kundinta kuma mai mota zai iya aika lambar shasi a ba shi takardar shaida da ke nuna ranar da aka ƙera motarsa, da launinta na asali, da inda aka tura ta. Amfanin wannan rabo ya fito fili bayan shekaru. Kamfanin uwa ya koma Rover Group, British Aerospace ta saye shi a 1988, BMW ta karɓa a 1994, ta wargaza shi a 2000, ragowar da ake kira MG Rover ta durƙushe a 2005 sunan MG ya tafi ƙasar Sin. Duk wannan guguwa ta wuce, motocin Gaydon suna nan inda suke.

Amma labarin da ya fi nauyi yana ɓangaren ciniki. An ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, fiye da rabin miliyan, mafi yawansu aka kai Amurka. A Satumban 1979, kwanaki kaɗan bayan bikin cikar MG shekara 50 a Abingdon, shugabancin British Leyland ƙarƙashin Michael Edwardes ya sanar da rufe masana'antar MG da ke can, motar ƙarshe ta fito a Oktoban 1980. Bisa al'adar masana'antu, da zarar an daina ƙera mota, mazubanta sun zama kaya. Mazubi a nan shi ne tubalan ƙarfe biyu masu nauyin gaske, ɗaya da siffar cikin ƙofa ko murfin inji, ɗaya da siffar wajensa, waɗanda ake sa fallen ƙarfe a tsakaninsu babban inji ya danne shi ya fito da surarsa. Jikin mota ɗaya yana bukatar ɗaruruwansu, ga kuma firam-firam da ke riƙe sassa daidai wurinsu lokacin walda. Suna cin wuri, ba sa kawo kuɗi, ƙarshensu yawanci tukunyar narkarwa. Sassaƙa sababbi kuwa kuɗi ne da sai mai ƙera dubun dubatar motoci zai iya mayarwa. A tsakiyar shekarun 1980 David Bishop, injiniya a British Motor Heritage, ya bi sawun mazuban MGB inda aka jibge su, ya tattaro waɗanda suka tsira, aka gyara su, aka kafa ƙaramin wurin haɗawa a Faringdon. A 1988 kamfanin ya fitar da sabon bodin MGB cikakke, daga mazuban da suka yi na asali. Ba a fafe gora ranar tafiya: da an jira sai lokacin da farashin MGB ya tashi kafin a nemi kayan, da an tarar an narkar da su.

Abin da wannan ya canza ga mai sha'awa a garejin bayan gidansa babba ne. Kafin 1988, wanda motarsa ta ruɓe yana da zaɓi biyu, ko ya biya mai walda ya yi ta yanka yana faci na watanni, kuɗin aiki ya ninka darajar motar, ko ya kwashe inji da giya ya bar sauran ga masu sayen ƙarfe. Bayan 1988 zai iya sayen sabon jiki, ya kwance tsohuwar motar ƙusa bayan ƙusa, ya mayar da inji da giya da aksil da kujeru da wayoyin lantarki a kai. Aiki ne da mutum mai haƙuri da akwatin sifana zai iya yi da kansa, saɓanin gyaran ƙarfen da ya ruɓe, wanda ke bukatar hannun gwani. Daga baya aka ƙara bodin MG Midget da na Triumph TR6, sannan na Mini bayan an daina ƙera ta a Longbridge a Oktoban 2000, ita da aka yi fiye da miliyan 5 tun 1959. Har abin ya juyo ya taimaki uwar da ta haife shi: da Mazda MX-5 ta nuna a 1989 cewa har yanzu akwai kasuwar ƙananan motoci masu buɗaɗɗen sama, Rover ta waiwayi Faringdon, ta ɗauki bodin MGB ta gyara masa fuska ta sa masa injin V8 mai lita 3.9. Ita ce MG RV8, wadda aka ƙera kusan 2,000 tsakanin 1992 da 1995, yawancinsu Japan suka tafi. A 2001 BMW ta sayar da British Motor Heritage ga 'yan kasuwa masu zaman kansu, cikinsu har da Bishop, kuma tun daga nan kamfanin da cinikinsa yake rayuwa.

Akwai masu ƙin wannan hanya, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa motar da aka canza wa jiki gaba ɗaya ba ita ce wadda ta fito daga Abingdon ba, sabuwa ce da ta ari lambar tsohuwa. Kasuwa ma tana ba su gaskiya ta wani fanni, domin motar da ba a taɓa jikinta ba, mai fentinta na asali, takan fi daraja a wurin masu tarawa. Ga motar da ke da tarihi na kanta, kamar wadda ta ci wani tsere, maganarsu daidai ce, ƙarfen da ya yi tseren shi ne abin adanawa. Sai dai MGB ta talaka ba ta cikin wannan sahu. An yi ta ne don a hau, kuma tun tana sabuwa ana canza mata birki da kuloci da fenda ba wanda ya ce ta daina zama kanta. Tambayar da ta dace ita ce me za a samu idan ba a canza jikin ba, amsar kuwa a mafi yawan lokuta ita ce tarin tsatsa, ko mota mai faci a kan faci da aka lulluɓe da fenti mai sheƙi, wadda ta fi haɗari ga mai tuƙi kuma ta fi yaudarar mai saye. Hukumar rajistar motoci ta Birtaniya ta bi wannan hankali, inda ta yarda mota ta riƙe lambarta idan sabon jikin irin na asali ne kuma manyan sassanta nata ne. Abin da ya rage shi ne gaskiya wajen sayarwa, a faɗa wa mai saye an canza bodi, kuma wannan nauyin mai mota ne.

Wasu kuma suna ganin duk harkar wasan masu kuɗi ce da ba ta cancanci a kira ta adana tarihi ba. Ƙididdigar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar kulob-kulob na tsofaffin ababen hawa ta Birtaniya ta fitar a 2020 ta nuna akwai irin waɗannan ababen hawa kimanin miliyan 1.5 a rajista, harkar tana juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana ɗauke da ma'aikata wajen 34,000. Waɗannan ma'aikata masu walda ne da masu fenti da masu ɗinkin kujeru da masu naɗa wayoyi, sana'o'in da masana'antar zamani ta miƙa wa na'urori. Kuma motocin da British Motor Heritage ke yi wa jiki su ne na ƙasa-ƙasa a farashi, waɗanda malamin makaranta da ya yi ritaya zai iya mallaka. Masu motoci masu tsada irin Aston Martin ba su taɓa rasa wanda zai buga musu ƙarfe da hannu ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta zaɓi. Kamfanin da ke rayuwa da ciniki zai ƙera abin da ake saye ne kawai, saboda haka MGB da Mini sun samu sabon jiki, Morris Marina da Austin Allegro kuwa, waɗanda iyalai da yawa suka hau a shekarun 1970, ba wanda ya yi musu wannan gata, kuma kaɗan ne cikinsu suka rage a kan titi. Hoton da baƙo zai samu a taron tsofaffin motoci a Ingila ya karkata ke nan, zai ɗauka ƙasar cike take da motocin shaƙatawa alhali yawancin mutane motocin cefane suke hawa. Wannan giɓi gidauniyar Gaydon ce ke ɗan cike shi, tunda ita ba ruwanta da ko mota tana da masu so, tana ajiye Allegro kusa da motar tsere. Amma ajiye guda ɗaya a zaure dabam yake da barin dubbai a kan hanya. Su kansu mazuban da suka tsira suna tsufa: waɗansu sun haura shekara 60, gefunansu suna cinyewa da kowane dannawa, kuma masu haɗa motoci sun san sabon bodi yakan bukaci a zauna a daidaita ƙofofi da murfi kafin fenti. Gyara mazubi ɗaya da ya tsage shawara ce ta kuɗi, ana auna ta da yawan fallayen da za a sayar a shekarun da ke tafe, kuma wannan adadi ya dogara ga ko matasan da suka taso da motocin lantarki za su so gadon motar da ke bukatar a duba mata mai da ruwa kowane mako.